Hayaƙin Ɗaliban Sin a Jikin Rigata

Bayana ya lalace ne a shekarar da ruwa ya ci kudancin Jidda. A lokacin ina ɗaukar kaya a wani sito na tayil a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun garin. Da ruwan ya janye aka sa mu kwashe kwalayen da suka jiƙe, shi kuwa jiƙaƙƙen kwali ba ya yi maka sallama kafin gindinsa ya zube. Na sunkuya zan tare wani, sai na ji abu ya ce ƙas a ƙuguna. Tun daga ranar, in na yi ruku'u sai na nemi taimakon gwiwoyina kafin in ɗago.

Kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, ba mugun mutum ba ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya yi haƙuri da ni wata da watanni ina ɗaukar rabin abin da yara suke ɗauka. Wata rana ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini shayi. Da na ga shayin na san babu lafiya.

Ya ce, "Ya hajji, iƙamarka za ta ƙare bayan aikin Hajji. In bayanka ya tashi, mu sabunta. In bai tashi ba, halas, ka koma ƙasarku ka huta cikin mutunci."

Hutawa a ina? Na bar Maraɗi ina saurayi, ban daɗe da barin lakwal, wato makarantar boko, ba. Ɗakin da na bari a gidanmu jikokin yayana ne a ciki. Uwargida a unguwar Sa'alaba ta nan Jidda aka haife ta, iyayenta Hausawan Sudan ne, Nijar a bakina kawai take jin ta. Yaranmu Hausa tana kunnensu amma ba ta cika saukowa bakinsu ba. In ka ce musu "zo nan" za su zo, amma da Larabci za su tambaye ka dalili. Waɗannan zan kwasa in kai Maraɗi mu huta?

Shi dai kafilin ne ya kawo dabara. Wani surukinsa yana da ƙaramin asibiti, kuma an kawo masa ɗalibai daga ƙasar Sin, masu karatun maganin gargajiyarsu na soka allurai a jiki. Ba ƙananan ɗalibai ba ne, sun gama digirin farko suna kan na biyu. Jami'arsu ce take tura su wata ƙasa su yi 'yan watanni suna duba marasa lafiya a gaban malaminsu, wasu likitocin nan kuma su tafi can su ga yadda ake yi. Abin da suke nema shi ne masu ciwo, ba a biyan komai.

Ban ji daɗin kyautar nan ba. Abin da aka ce kyauta ne, ni nakan tsaya in nemi inda aka ɓoye kuɗinsa. Kuma ɗalibi ai da kan maraya yake koyon aski. Amma wanda aka ba zaɓi tsakanin allura da jirgi ba ya tsayawa tambayar tsawon allurar.

Su huɗu ne ko biyar, da wani dattijo malaminsu mai farin gashi wanda ba ya jin Larabci ko kaɗan. Wanda aka haɗa ni da shi wani siririn saurayi ne mai tabarau. Da ya yi mini sallama sai na ɗauka koya masa aka yi a jirgi, ashe Musulmi ne, daga wani yanki na arewacin ƙasarsu inda ya ce masallatai sun fi na unguwarmu Waziriyya yawa. Larabcinsa na littafi ne, irin na huɗubar Juma'a. Ni kuma nawa na sito ne. In ya tambaye ni ina yake mini ciwo, sai in ji kamar in ce amin.

Na ce masa, "Sannu, likita."

Ya ce, "Ya ammi, ban zama ba tukuna. Kai ne za ka taimake ni in zama." Ammi shi ne baffa a bakin Larabawa.

Ya bayyana mini cewa kowane ɗayansu sai ya bi mara lafiya guda tun daga farko har ƙarshe, ya rubuta abin da ya gani, ya je ya kare shi a gaban manyan malamai in sun koma. Ni ne nasa. Wato bayan iƙamata da cin abincin gidana, yanzu har da jarrabawar ɗan mutane an ɗora wa bayan da ba ya iya ɗaukar kwali guda.

Bai fara da bayan ba. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna ya yi shiru kamar mai sauraron maƙwabta. Ya ce in fito da harshe. Na fito da shi, duk suka taru suna leƙe, ni da ban taɓa yi wa wani gwalo ba tun ina yaro. Sai tambayoyi: barci, gumi, abin da nake ci, yadda nake fita bayan gida. Ni kuma ina tsoron ƙarya, musamman ga baƙo. In na ce barcina lafiya lau, alhali shekaranjiya na farka ina tunanin ko na kashe gas, ai na yi ƙarya. Saboda haka na faɗi komai, har na koma na gyara abin da na faɗa da farko. Dattijon ya taɓa hannuna, ya yi wata gajeriyar magana, ɗaliban suka yi dariya.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce bayanka mai sauƙi ne. Tunani ne ya yi maka yawa, shi yake cinye maka ƙarfi."

Na koma gida ina tunanin yadda zan yi da wannan tunani.

Allurar ba ta dame ni ba kamar yadda na zata. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, kuma babu ruwan magani a cikinta. Na dai tambaya ko tana karya alwala, na tambaya ko tana karya azumi, na tambaya ko an taɓa mantawa da guda a jikin mutum. Ya ce yana ƙirga su kafin da bayan. Na ce to in ya yi kuskuren ƙirga fa? Daga ranar ya riƙa nuna mini su a faranti in gani da idona, duk da ni ban ga lokacin da ya soka su ba, tunda a bayana suke.

Masifar ta zo ne a mako na biyu. Ya fito da wani abu kamar ƙatuwar sigari, kaurin babban yatsa, naɗe da farar takarda mai rubutunsu. Ya kunna kansa, ya riƙe shi kusa da ƙuguna ba tare da ya taɓa fata ba. Ya ce wani ganye ne busasshe, zafinsa yana shiga ya kori sanyin da ya kwanta a ƙashi. Ya ce sun lura mutanen Jidda suna fita daga zafi su faɗa sanyin na'ura, su fito su koma zafi, gumi yana bushewa a jikinsu, kuma wannan ne ma abin da yake son ya rubuta a kai. Gaskiya zan faɗa, daɗin abin ya kai har tafin ƙafata. Rabon da in ji bayana ya saki haka tun kafin ruwan.

Wani abokina ɗan Chadi, direban kamfaninmu, shi yake biyowa ya ɗauke ni a motar kaya in ya taso. Ranar ina shiga ya shaƙi iska, ya dube ni, ya sake shaƙa.

Ya ce, "Alhaji! Da furfurarka?"

"Me na yi?"

"A'a, ba komai. Ka dai riƙa tunawa da abokai. Ashe maganin bayan ke nan. Shi ya sa na ga kana tafe kana murmushi."

Na ɗaga hannun rigata na sansana.  Na san wannan warin. Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tashar mota a Maraɗi ya san shi. Warin wiwi ne sak, wanda a nan ake ce wa hashish. A ƙasar nan kuwa ba a wasa da wannan magana. Wanda aka kama da shi, in baƙo ne, sai ya gama zaman kurkuku sannan a sa shi a jirgi, kuma ba ya dawowa.

A gida uwargida ba ta bari na gama sallama ba.

"Malam, esh hada? Wane irin wari ne wannan?"

Na yi mata bayani tun daga ruwan sama har zuwa yatsu uku. Ta sansana rigar da kyau, ta ce, "Ni kam tazargade nake ji. Irin wanda innata take turara mana in mura ta kama mu."

Na ce, "Ke kin san tazargade. Ɗan sanda ya san innarki?"

Ta ce, "Wallahi kai ko a Aljanna aka sa ka sai ka tambayi ranar da iƙama za ta ƙare."

To ga inda na tsaya. In na bar hayaƙin, bayana ba zai tashi ba, jirgi. In na ci gaba, wata rana hancin hukuma zai same ni, kurkuku sannan jirgi. Na yi dabaru. Na riƙa tafiya da riga ta biyu a leda, sai na lura warin yana cikin gashin kaina da gemuna, kuma yanzu ga leda mai wari a hannuna kamar wanda ya ɗauko kaya. Na sayi turare mai ƙarfi na bulbula. Abokina ya ce yanzu ne ma na yi kama da su, don su ma haka suke yi. A masallacin unguwa na koma ƙarshen sahu, jikin bango, don kada in cuci mutum biyu. Wani dattijo ɗan Agadas da muka shekara muna salla kafaɗa da kafaɗa ya tambaye ni ko ya yi mini laifi ne. 

Na roƙi ɗalibin mu tsaya a allura kawai. Ya cire tabarau ya goge, ya ce da Larabcinsa na mumbari, "Ya ammi, na riga na gaya wa malamina hanyar da zan bi da kai. In na sauya a tsakiya, aikina ya rushe. Kuma kana samun sauƙi, ko ba ka samu?"

Ina samu. Ba zan iya cewa ba na samu ba. Na gaya masa abin da warin yake kama da shi. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya fassara wa sauran, su ma suka yi. Ya ce a wasu ƙasashen ma an sha gaya musu haka. Wato sun sani, suka ƙetaro teku da abinsu suka zo suka turara ni.

Ana saura 'yan makonni Hajji, ya ce yana so a ƙara yawan hayaƙin, uwargida ta riƙa yi mini a gida. Ya ɗauko sandar hayaƙin nan guda sabuwa ya miƙo mini da hannu biyu, yana ɗan sunkuyawa, yadda suke yi in suna girmama mutum. Yaro ya ba ka abu da hannu biyu, ta yaya za ka ce a'a? Na karɓa na sa a aljihun gaba, ina jin ta kamar garwashi.

Kowa ya san yadda Jidda take in Hajji ya gabato. Ko'ina shingen bincike ne, ana neman masu shiga Makka ba izini. Bayan la'asar muka iso wani a hanyar Waziriyya. Ɗan sandan da ya zo tagarmu saurayi ne, hancinsa ja wur, yana riƙe da takardar share majina. Ya karɓi iƙamominmu, ya duba, ya yi atishawa, ya miƙo mana.

Ya ce, "Yalla."

Wato mu tafi. Abokina ya sa giya. Ni kuma a wannan ɗan lokacin na yi lissafi. Na ga kamar ya dube ni sau biyu. Wataƙila ya ji warin ya yi shiru, ya riƙe lambar mota, su zo gida su same ni a gaban yara. Wataƙila akwai wani shingen a gaba, a can a samu sandar a aljihuna, a ce me ya sa ban faɗa a na farko ba. Mai gaskiya ai shi yake fara magana. Na leƙa ta taga.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan warin ba hashish ba ne."

Ya juyo. Ya ce, "Wane wari?"

Abokina ya kifa kansa a kan sitiyari ya ce da Hausa, "Inna lillahi. Alhaji, ka kashe mu."

Aka ce mu faka a gefe. Aka kira wani mai lafiyayyen hanci. Ya sansana ni, ya ce in fito da abin da ke aljihuna. Na fito da ita, fara, doguwa, da rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu. Ya ce mene ne wannan? Na ce magani ne, kunna shi ake yi. Ya ce, "Ai na ga alama." Sannan ya yi mini tambayar da har yau ban samo mata amsa mai kyau ba: "Kai a ina ka san warin hashish?"

A ofishinsu aka zaunar da mu a benci. Abokina bai bar ni na ji da abu ɗaya ba.

"Mutum ya ce maka yalla. Yalla! Shekara nawa kana ƙasar nan ba ka san ma'anar yalla ba? Ni da ko sigari ba na sha, ga ni a nan saboda bayanka."

Na ba shi haƙuri. Na ce in an tambaye shi ya faɗi gaskiya. Ya ce gaskiyar ce ta kawo mu.

Kafin magariba kafilina ya iso, fuskarsa kamar hadari, ɗalibin da dattijon malaminsa suna biye da shi. Aka shigar da mu wurin babban jami'in, wani mai ƙiba da ya miƙe daga kujera da ƙyar, hannunsa ɗaya a ƙugu. Sandar tana kan teburinsa, an riga an farke ta. Ya murza ganyen a tafin hannu ya sansana.

Ya ce, "Wannan ai shihi ne. Kakata a ƙauye da shi take turara ɗaki." Shihi shi ne tazargade a bakinsu. Uwargida ta yi gaskiya, kuma har yau ba ta bar ni na manta ba. Ya ce tun da aka kawo ya gane, amma yana so ya ga masu abin da idonsa, ya ji da izinin wa suke aiki. Kafilina ya kira surukinsa a waya, aka yi bayani, ɗalibin ya zuba Larabcin huɗuba har jami'in ya gyara zama. Duk wannan lokacin dattijon kallon yadda jami'in yake zaune kawai yake yi. Can ya yi magana a hankali.

Ɗalibin ya ce, "Malamina yana tambaya, ciwon yana sauka har ƙafarka ta hagu?"

Jami'in ya dubi dattijon. Sannan ya miƙa wuyan hannunsa a kan tebur. Da idona na ga babban jami'in 'yan sanda ya fito da harshe, da hularsa da taurarinsa.

A mota, da muka kusa Waziriyya, kafilina ya juyo ya dube ni. Ni na riga na fara tunanin wa zan bar wa firij.

Ya ce, "Ya hajji, an ce ka tafi, ka kira ɗan sanda ka kai ƙarar kanka?"

Na ce, "Haka ne, Allah ya ja kwananka."

"A kan abin da ba laifi ba."

"Haka ne."

Ya girgiza kai. Ya ce shekara da shekaru yana neman wanda zai riƙe masa makullan sito, duk wanda ya sa sai tayil ya riƙa tafiya da ƙafarsa. Ya ce mutumin da ba a tambaye shi ba ya tona kansa, in ya ɗauki tayil guda ai kafin gari ya waye zai kai kansa kurkuku. "Daga gobe kai ne mai makulli. Kada in ƙara ganin ka ɗauki ko kwalin shayi. Kuma don Allah, in ɗan sanda ya ce maka yalla, ka tafi."

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne ɗalibin. Da na koma asibiti na ba shi labari, sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya ce duk aikinsa a kan mai ɗaukar kaya ne, a ga ko zai koma ɗaukar kaya. In na daina ɗauka, da me zai nuna na warke?

Ya ce, "Ya ammi, tsakaninka da Allah, ka warke?"

Na ce, "Tsakanina da Allah ban sani ba. Ba ya ciwo. Amma ban ɗauki komai ba."

"Kwali guda. A gabana. Ka ɗaga ka ajiye."

Na yi tunani. In na ɗaga lafiya, labari zai iya kai wa kafili ta bakin surukinsa, ya ce ashe na warke, in koma layin masu dako. In kuma na ɗaga ya ce ƙas, na rushe wa yaro jarrabawa da hannuna. Na ce masa kafilina ya hana ni, kuma ba ƙarya na yi ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce malaminsa ya faɗa tun ranar farko, tunani ne ya yi mini yawa.

Bai yi asara ba, alhamdu lillahi. Lokacin da nake zuwa, bayan azahar, aka ba jami'in nan, shi ya zama mara lafiyarsa har suka koma. Abokina ya ce ya taɓa ganinsa ya fito daga asibitin yana ƙamshin abin tun daga nesa, ya shiga motar hukuma, 'yan sandan shinge suna sara masa.

Bayan Hajji aka sabunta iƙamata. Da aka miƙo mini na duba da kyau, sai na ga a wurin sana'a har yanzu an rubuta lebura mai ɗaukar kaya, ni kuwa makulli nake riƙewa. Na nuna wa kafilina, na ce kada wata rana a tare ni a ce aikina bai dace da takardata ba, ko ya kamata in je in yi musu bayani tun da wuri. Ya karɓi iƙamar daga hannuna, ya zura mini ita a aljihu da kansa, ya ce, "Yalla."